Kwano Goma Sha Biyu

Daren Talata iska ta ɗebe rufin aji uku a Tungar Gero.
Da gari ya waye Malam Arzika, hedimasta,
ya ciro tsakiyar littafin lissafi ya rubuta:
kwano goma sha biyu, ƙusa mudu guda, a taimaka.
Ni ya miƙa wa, ni ne mai duba makarantun yankin,
makaranta goma sha huɗu, babur ɗaya,
man kuwa daga aljihuna.

Na cusa takardar a hula kada ruwa ya taɓa ta.
Kakale ya ɗora ni da babur a kwalekwale,
da muka haye ya ƙi karɓar ko sisi,
ya ce 'yarsa Hurera a ajin take.

Ofishinmu na Bunza ɗaki biyar ne a jere.
Na albashi shi ke da fanka.
Na ƙididdiga, nan yara ke komawa lamba,
ɗari biyu da shida, ko da rabinsu na korar tsuntsu a fadama.
Na ayyuka a kulle, mai shi ya tafi ta'aziyya.
Na jira. Na sha fura. Na sake jira.

Sakataren Ilimi mutumin kirki ne, ya karanta har sau biyu.
Ya ce, Ladan, alli nawa ne, rajista tawa ce,
in ɗauke malami daga nan in kai shi can, nawa ne,
amma rufi na Birnin Kebbi ne.
Ya sa hannu da jan biro,
akawu ya buga hatimi, ya ba ta lamba,
ta hau bisa 'yan'uwanta a kan kabad,
wasu har gara ta fara karanta su.

Ruwa dai bai san lamba ba.
Allo ya jiƙe, baƙin ya zubo kamar kwalli.
Aji uku ya koma gindin ɗorawa,
in hadari ya haɗo a ce kowa ya ruga gida.

Sai kwamitin iyaye ya zauna bayan la'asar.
Liman ya yi addu'a, Nomau maƙeri ya yi faɗa,
ya ce wannan aikin gwamnati ne, ba ruwan talaka.
Inno Tumba, ma'aji, ba ta tanka ba,
ta kwance gwangwanin madara daga haɓar zane,
ta zazzage a tabarma, aka ƙirga,
bai kai kuɗin kwano biyu ba.
Ta ce to, kowane gida tiyar shanshera.
Nomau ya yi tsaki. Shi ya fara kawo tasa, tiya biyu.

Ran kasuwa aka sayo tsohon kwano tara,
sauran wurin aka rufe da zana.
Nomau ya miƙe tsoffin ƙusoshi ɗaya ɗaya a kan uwar maƙera,
Kakale ya hau sama, yara na miƙa masa.

Bayan an yanke shinkafa amsa ta iso,
fom mai shafi huɗu, a cika kafin Alhamis,
a haɗo da hoto uku na ɓarnar.
Malam Arzika ya dubi rufin, ya dube ni,
ya ce, ko mu kware shi mu ɗauki hoton?
Muka yi dariya har ya share ido da hannun riga.

Na zauna a bencin baya, gwiwata na dukan tebur.
Inda aka ce a faɗi halin da ginin ke ciki
na daɗe da biro a baki.
Rana na shigowa ta hujin tsohuwar ƙusa,
ɗigo ɗigo a kan littafin Hurera,
tana bin su da yatsa, tana ƙirgawa,
bakwai sau takwas kuwa ya gagare ta.
Na rubuta: saura kwano uku.
Na ninke, na mayar a hula.